Burtalin da Ba a Zana Ba

Jikana da ke karatu a Yelwa ne ya tono mini wannan magana, shi da wayar nan tasa da ba ta barin hannunsa ko a gaban tuwo. Na taɓa ba shi labarin wani Bajamushe da na sani ina budurwa, har na kwaikwayi sunan garinsu yadda kunnena ya riƙe, sunan da sai ka yi kamar ƙayar kifi ta maƙale maka kafin ya fito. Yaron nan bai haƙura ba, ya yi ta lalube har ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Kaka, ga garin mutuminki." Na kai wayar kusa da ido. Ga kogin, ga gadar dutsen, ga dogon ginin da ake kaɗa ƙararrawa a samansa, duk yadda aka ba ni labari. Sai kuma ga shanu an yi musu ado da furanni a ƙaho, suna bin tsakiyar gari, an tsayar da motoci don su wuce. Ya ce ai kowace shekara haka ake yi, hanyar shanun tana nan, har allo aka kafa mata da sunanta. Na miƙa masa wayarsa na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ba shi ya yi mini laifi ba, amma a kansa na sauke, kwana biyu ban amsa masa gaisuwa da daɗin rai ba.

Ku da kuke hawa keke ku wuce ta Fadaman Mada kuna toshe hanci saboda kwata, ba ku san abin da ke ƙarƙashin kwaltar nan ba. Rugarmu tana can baya, a gindin duwatsu, kuma daga bakin rugar har mashaya akwai burtali, wato hanyar shanu da aka bari tsakanin gonaki, mai faɗin da bijimai goma za su jera su wuce ba su taɓa dawar kowa ba. Ba wanda ya san wanda ya fara bin sa. Manoman gefe da gefe sun san shi kamar yadda suka san ƙofar ɗakinsu, kuma in kaka ta yi su da kansu suke aikowa a kai shanu su kwana a gonakinsu saboda taki. Da asuba abin da ke tada mu shi ne kukan 'yan maruƙa a kan dangwali da ƙarar madara tana zuba a ƙwarya, sai gora da Goggo ke kaɗawa tana fitar da mai, tana yi tana mita. Kullum faɗanta shi ne mace ba ta ɗaukar ƙwarya da hannu mai danshi, kuma wadda ta bar ƙuda ya faɗa nono ba za ta iya riƙe gida ba. Yau a leda ake ƙulla nono, a zuba masa garin rogo da ruwa, yara su sha su ce daɗi. Ni ko kallonsa ba na son yi.

Dole in gaya muku matsayina a gidan nan, in ba haka ba sauran zancen ba zai shiga kanku ba. Ni ce 'yar fari. A wurinmu 'yar fari ba ta uwa da uba ba ce, kunya ta raba su. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar mahaifina, ɗakinta na nan cikin rugar, taku kaɗan daga nasa. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban tsabar idona ba. In yana so a kawo ruwa kuma ni kaɗai ce a wurin, sai ya dubi sama ya ce, "Ba kowa ne a gidan nan?" In zai aika mini da magana sai ya ce wa Goggo, "Adda, ki gaya wa 'yarki." In muka yi kiciɓis a hanya, ni zan ratse cikin ciyawa, shi ya ga wani abu mai muhimmanci a ɗaya gefen. Innata ma haka, sai dai ita takan ajiye mini ƙanzo a inda ta san zan gani. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, kuma a lokacin har alfahari nake da ita. Ana nuna ni ana cewa yarinyar nan ta san kunya. Yanzu in na ji jikokina suna ɗane wuyan ubansu suna ƙwace masa waya, nakan ce tir, amma can cikin raina wani abu yakan ce mini in yi shiru, ni da tawa tarbiyyar me na tsinana.

Kowace safiya nakan ɗora ƙwarya a gammo in nufi Bariki, inda Turawa suke. A sauran gidaje kuku ne ke fitowa, ya yi ta yanga yana taya nono kamar shi ya haifi saniyar. Gida ɗaya ne mai shi ke fitowa da kansa. Dogo ne, wuyansa ja kamar na zakara, yana aiki da wani kamfani mai awon ƙasa, a shekarun da ake ta raɗe-raɗin jirgin ƙasa zai iso Bauchi kuma Turawa za su miƙa mulki. Shi ne mai zana taswira in 'yan awo sun dawo da ma'auninsu. Sauran Turawa ba sa jan sa a jiki, wai saboda yaƙin da aka gama da mutanensu. Mu kuwa Mai Ƙararrawa muke ce masa, don ya rataye wata ƙatuwar ƙararrawar tagulla a bakin ƙofa, da tsohon maɗaurin fata. Hausarsa irin ta kasuwa ce, "kai" yake ce mini kamar namiji, in yi dariya in rufe baki da gefen zane. Ranar farko da ya buɗe faifai, sai ya lakaci man shanu da yatsa ya ɗanɗana, ya ce, "Wannan saniya ya ci ciyawar fadama, ba na tudu ba." Gaskiya ya faɗa.

Daga nan na san ɗan makiyaya ne, kuma a bakin ƙofar nan, ina tsugune yana zaune a kan matakala, ya ba ni tarihin garinsu guntu-guntu. Ƙaramin gari ne, ya ce bai kai rabin cikin ganuwar Bauchi ba. Asalinsa zango ne na fataken gishiri, a inda kogi ya tsuke har aka iya yi masa gada. Kasuwa sau ɗaya a mako, maƙeri ɗaya, injin niƙa da ruwa ke juyawa, kowa ya san kakan kowa. Gidaje suna wannan gefen kogi, makiyaya da maƙabarta suna wancan gefen, kan tudu. Duk Jamusanci ake yi gaba da baya, ana auratayya, ana zuwa jana'izar juna. Abin da ya cuce su shi ne garin ya zauna a inda ƙasashe suka haɗu. Duk sarkin da ya yi ƙarfi sai ya ce nasa ne. Ya ce kakansa an haife shi a wata ƙasa, ya yi aure a wata, ya mutu a ta uku, alhali bai taɓa sauya ɗakin kwana ba. Na ce wannan kuma ƙarya ce irin ta matafiya. Ya ce in bari in ji sauran.

Bayan wani yaƙi da aka yi yana yaro, manyan ƙasashe suka zauna a wani birni mai nisa suka ja layi a tsakiyar kogin. Aka kafa shinge a kan gada, aka sa masu bindiga. Da lokacin hawa tudu ya yi, ubansa ya koro shanunsa kamar kullum, babbar saniya a gaba da ƙararrawar nan a wuyanta. Aka tare shi. Ya ce hanyar kakanninsa ce. Wani ma'aikaci ya warware taswira a kan tebur, ya bi ta da yatsa, ya ce shi bai ga wata hanyar shanu a nan ba. Duk garin suka fito shaida, ya ce shi takarda ya sani. Shanun suka wuni a bakin gada suna kuka, suna hango ciyawar da suka saba. Kafin shekara ta zagayo uban ya rabu da su duka, ƙararrawar kaɗai ya cire. "Ba wanda ya rubuta hanyar," in ji Mai Ƙararrawa, "don kowa ya san shi. Abin da kowa ya sani, shi ne ba a rubutawa." Na tausaya masa, amma irin tausayin da ake yi wa mutumin da masifa ta faɗa wa a wata duniya. Na ce a raina, Allah mun gode da ba mu da irin wannan hauka a ƙasarmu.

Wata Asabar bayan an gama girbi, na same shi tsaye yana jirana, an riga an ɗora kayansa a mota. Bai ko buɗe faifai ba. Ya ce za su fita daji kwana biyar, ran Alhamis za su dawo ta wajenmu su auna fadamar da duk abin da ke bayanta, don gari zai faɗaɗa, za a yanka filaye. Ya ce, "Ka ji da kyau. Masu awo abin da suka gani suke rubutawa. Yanzu an cire amfani, burtali da gona duk ɗaya ne a ido. Ka gaya wa babanka ran Alhamis da hantsi ya tsaya a kan hanyar da shanunsa duka, ya kira manoma biyu su ce haka ne. In na gan shi, zan zana. In na zana, ya zauna. In ba kowa, za su rubuta fili ne, ni kuma ba ni da iko in zana abin da ba su gani ba." Na ce to. Ya sake cewa, "Babanka da kansa. Ka gaya masa da bakinka." Na sake cewa to, don ban san yadda zan yi wa Bature bayanin cewa ni da ubana ba ma magana ba.

Abin da ya tsinka mini zuciya a hanya shi ne na san an riga an sa ranar tafiyar rani. Ran Laraba garke zai yi kudu neman ruwa da ɗanyar ciyawa, Baba a gaba. Kwana ɗaya tak ake bukata ya ƙara. Ina isa na ajiye ƙwarya na zayyana wa Goggo komai, har da gadar da shingen da ma'aikacin da ya bi takarda da yatsa. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Hanyar da kakan kakanki ya bi, ita ce sai Nasara ya zana kafin ta zama hanya? Kuma a jera masa dukiya a gaba yana kallo yana yabawa? Ke ba ki san kambun baka ba ne? Wanda ya ɗanɗana mai ya faɗi ciyawar da saniya ta ci, shi za a nuna wa garke?" Na ce Goggo don Allah ki dai faɗa masa yadda aka ce. Ta ce za ta faɗa, in daina tsaya mata a ka. Da yamma ina bayan zana ina ji ta ce, "Baturen da 'yata ke kai wa nono yana gaishe ka, wai yana sha'awar ya ga shanu." Baba ya ce, "Muna amsawa. Ya gani a kasuwa." Shi ke nan fa saƙon. Mace ba ta gaya wa namiji ranar da zai tada garkensa, ko da yayarsa ce, ballantana a ce daga bakin 'yar fari maganar ta fito.

Kwana huɗu ina yawo da maganar nan a ciki kamar na haɗiyi garwashi. Na je wa Inna, ta juya mini baya ta ce wa tukunya ai manya sun san abin da suke yi. Ƙannena ƙanana ne, wanda zai kai saƙo a cikinsu bai iya ɗaure wandonsa ba. Ran Laraba da sassafe na fito da tulu, sai ga Baba shi kaɗai a bakin burtali, yana gyara igiya a kafaɗa, sandarsa a jingine. Ba kowa, daga ni sai shi. Wallahi na buɗe baki. Sai ya ji motsi, ya gane ni ce, ya kau da kai yana duban duwatsu kamar yadda ya saba, don ya ba ni hanya in wuce da mutuncina. Ni kuma ƙafafun nan nawa, da aka horar tun ina rarrafe, suka ratse cikin ciyawa da kansu. Na tsaya a bayan wata kalgo ina kallo ya kira shanunsa, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsayuwa ita ce har yau ban yafe wa kaina ba, kuma ban yafe wa waɗanda suka koya mini ita ba.

Ran Alhamis na je ni kaɗai. Na tarar da su da sarƙar awo da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa, da wani malami mai rubutu, da wakilin hakimi a inuwa yana cin goro. Mai Ƙararrawa yana ta duban hanyar ruga. Da ya gan ni ba shanu a bayana, sai fuskarsa ta canza. Na yi ƙarfin hali na ce wa wakilin, ranka ya daɗe, nan burtali ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "'Yar wa ce wannan? Ina mazan gidanku?" Na nuna musu kashin shanu da sawun kofato. Malamin ya yi dariya ya ce ai kashin shanu har cikin gonaki akwai shi. Manoman da za su yi shaida ba wanda ya kira su, don ba ni ce zan kira dattawa ba. Bajamushen ya ja su da zance har azahar, yana cewa a sake auna nan, a sake duba can, ko Allah zai kawo wani. Daga ƙarshe aka ja sarƙa ta ratsa burtalin, aka kafa turken siminti a tsakiyarsa. Mai Ƙararrawa ya wuce ta gabana, ban iya dubansa ba.

Ba a rana ɗaya abin ya ci mu ba, shi ya sa da Baba ya dawo da damina ya ga turakun, ya ce duwatsun Nasara ne, ba sa cin ciyawa. Shekara ta farko shanu suka bi ta gefensu. Ta biyu wani ma'aikaci ya zagaye nasa filin da waya ya shuka mangwaro. Ta uku aka toshe bakin mashaya da gini, sai an yi dogon zagaye ta kan duwatsu, shanu masu ciki suna zubewa a hanya. Duk inda Baba ya kai kuka, sai a warware masa takarda a ce ba a ga burtali ba. Manoman da suka sha nononmu shekara da shekaru suka ce su sun san hanya ce, amma su wa za su gaya wa. Ana ta kiɗa a gari, an ba 'yan makaranta tutoci, kowa na cewa mun karɓi ƙasarmu. Mu a shekarar muka rasa inda za mu sa ƙafa a cikinta. Baba ya yanke shawarar ya sayar da rabin garke, ya ba wani ɗan'uwa sauran ya tafi da su gabas, mu kuma mu shigo gari mu zauna. Mutumin da bai taɓa kwana a ƙarƙashin rufin kwano ba.

A ranar da mahauta da dillalai suka zo kora, sai ga mota ta tsaya nesa da ruga. Mai Ƙararrawa ne, aikinsu ya ƙare zai koma, ya zo sallama. Wannan ne karonsa na farko a gidanmu. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo nono. Baƙon ya zauna yana kallon yadda ake zura wa shanu igiya. Can ya ce, "Na jira ka ranar nan har azahar." Baba ya ce, "Wace rana?" Bajamushen ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya faɗa masa duka, da Hausarsa mai karkata, tun daga saƙon Asabar har turken farko. Baba bai katse shi ba. Ya yi masa godiya, ya raka shi har mota, ya yi masa addu'ar sauka lafiya, don ko gidansa na cin wuta ba zai bar baƙo ya ga ransa a ɓace ba.

Da ya dawo sai ya tsaya wajen wata tsohuwar saniya da ba a kai ga ɗaurewa ba, ya ba mu baya. Goggo tana zaune ta haɗa kai da gwiwa, ni ina tsaye da ƙwaryar da baƙo ya sha. Ya ce, "Adda, ki tambayi 'yarki. Tunda a kunnenta aka faɗa, me ya hana ta gaya mini?"

Ban jira Goggo ba. Ban san lokacin da murya ta fito ba, kuma ba a hankali ta fito ba. Na ce, "Da wane bakin, Baba? Da wanda ka taɓa amsa wa? Na same ka kai kaɗai ran Laraba, ka juya mini ƙeya. Ko sunana ka sani ma, ni ban taɓa ji ba."

Har dillalan suka bar abin da suke yi. Inna ta shige ɗaki. Na ga kafaɗun Baba sun motsa, na zaci zai juyo, ko ya mare ni, ko ya dube ni, ni dai kowanne ya yi ina so. Ya daɗe yana sosa wuyan saniyar nan. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Adda, ki ce mata ta yi gaskiya."

Taku uku ne tsakanina da shi. Goggo ta ɗago kai, ta juyo wajena, ta maimaita mini.